Darasi na Bakwai: Awon Ƙarfin Furosesar Kwamfutar Tebur

Kwamfutoci biyu ne a kan teburin mai shago, dukansu na hannu, irin waɗanda ake kwasowa daga ofisoshin Turai da Amurka. A goshin ɗaya an manna 'yar takarda mai rubutun Core i7, ɗayar kuma Core i3. Mai saye ya tambayi wadda ta fi ƙarfi.

"Haba Alhaji, ai ba a haɗawa. Ina bakwai ina uku? Wannan ita ce babbar yaya."

A iya saninsa mai shagon bai yi ƙarya ba, amma mai yiwuwa ya tura Alhaji ga wadda ta fi rauni. Idan i7 ɗin ita ce Core i7-3770 da kamfanin Intel ya fitar a 2012, i3 ɗin kuwa Core i3-12100 ce ta 2022, to ƙaramar ta kusa ninka babbar a sauri. Shekara goma ce tsakaninsu, kuma takardar goshi ba ta faɗin shekara. A wannan darasi za ku koyi yadda ake gane ƙarfin furosesa ta hanyar gwaji, da yadda ake karanta makin da gwajin ya bayar, domin makin ma yana ruɗar wanda bai san yadda aka samo shi ba.

Bugu, da aikin da ke cikin bugu

Furosesa, wadda ake kuma kira CPU, 'yar ƙaramar na'ura ce da ke zaune a kan bod ɗin kwamfuta, a ƙarƙashin fanka. Faɗinta bai kai tafin hannu ba. Duk umarnin da manhaja ta bayar, tun daga tara lambobi a Excel har zuwa haɗa fim, ita ke zartar da shi. Tana aiki ne bisa wani bugu na lantarki da ke maimaita kansa ba tsayawa. Idan kun ga an rubuta 3.2 GHz, ana nufin bugu biliyan 3.2 a daƙiƙa ɗaya, gigahaz ke nan. Furosesar Intel 4004 ta shekarar 1971 bugunta 740,000 ne kawai a daƙiƙa.

An yi shekaru ana sayar da kwamfuta da wannan lamba, wanda ya fi gigahaz shi ya ci kasuwa. Kamfanin AMD, abokin hamayyar Intel, ya sha wahalar wannan ɗabi'a. A 2001 ya fitar da Athlon XP mai bugun 1.53 GHz, amma sai ya raɗa mata lamba 1800+, mai saye kuma ya riƙa jera ta da Pentium 4 mai 1.8 GHz, kuma a aiki tana iya ja da ita. Intel ya ci gaba da tura Pentium 4 har ta kai 3.8 GHz a 2004, daga nan zafi da cin wuta suka taka masa birki. A 2006 ya fito da sabon gini, Core 2 Duo. Ƙirar E6600 mai 2.4 GHz ta kayar da Pentium Extreme mai 3.73 GHz a yawancin gwaje-gwaje, kuma kamfani ɗaya ne ya ƙera su.

Dalilin ba shi da wuya. Aikin da furosesa ke gamawa a daƙiƙa ya dogara ga abu biyu: yawan bugunta, da yawan umarnin da take kammalawa a kowane bugu. Na farkon ne ake rubutawa a kwali. Na biyun ya danganta da yadda aka tsara cikinta, kuma yana ƙaruwa daga zubi zuwa zubi, ba a kuma rubuta shi ko'ina. Saboda haka gigahaz tana da amfani ne kawai idan furosesocin biyu 'yan zubi ɗaya ne daga kamfani ɗaya.

Ga yadda ake gane zubi a sunayen Core i na Intel. A i5-6500, lambar farko bayan 'yar layin ita ce zubi na 6. Idan lambobin biyar ne, kamar 12100, biyun farko ake ɗauka, zubi na 12. Harafin ƙarshe ma magana yake yi. T na nufin an rage mata cin wuta, an kuma rage mata gudu. F na nufin ba ta da sashen hoto a cikinta, in ba ku sa katin hoto daban ba allon zai zauna baƙi ƙirin.

Cibiya ɗaya da cibiyoyi da yawa

Da zafi ya hana a ci gaba da ƙara bugu, sai kamfanonin suka koma zuba injin lissafi biyu, huɗu, takwas a cikin furosesa guda. Kowane ɗaya muna kiransa cibiya, shi ne ake rubutawa core a takardun kaya. Wasu cibiyoyin suna iya riƙe layin aiki biyu a lokaci ɗaya, shi ya sa za ku ga an ce cibiya 4, layi 8. Layin na biyu ba cibiya ba ne, ƙarin da yake kawowa bai kai rabin na cibiya ta gaske ba. Daga zubi na 12 kuma Intel ya fara gauraya manyan cibiyoyi da ƙanana: i5-12600K cibiya 10 gare ta, amma 6 ne manya, 4 ƙanana.

Ba kowane aiki ne ke rabuwa tsakanin cibiyoyi ba. Wani masanin kwamfuta, Gene Amdahl, ya yi bayanin wannan tun 1967. A ce aiki na cin minti 10 a cibiya ɗaya, kuma minti 5 daga ciki dole a bi shi daki-daki, ba ya rabuwa. Idan aka sa cibiya 4, ragowar minti 5 ɗin ya koma minti 1 da kwata, jimla minti 6 da kwata. Idan aka ninka cibiyoyin zuwa 8, jimlar ba ta sauka ƙasa da minti 5 da rabi ba. Ko cibiya ɗari aka zuba, minti 5 na farko suna nan daram.

Wannan ne ya sa kusan kowane gwaji ke ba da maki biyu, na cibiya ɗaya da na dukan cibiyoyi. Buɗe takarda a Word, shiga intanet, cike fom na rijista, yawancin aikin ofis da na shagon buga takardu, makin cibiya ɗaya ya fi shafarsu. Fitar da fim bayan an gama tace shi, matse manyan fayiloli, zanen gini mai kama da gaske, waɗannan su ne ke cin moriyar cibiyoyi da yawa. Kafin ku duba kowane maki, ku fara sanin a wane ɓangare aikinku yake.

Mudu ɗaya ake awo da shi

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san farashin mudu ba ya nufin komai sai an ga mudun. Na wannan kasuwa ya fi na waccan zurfi, wani mai awon yana tozo, wani yana sharewa. Gwajin furosesa awo ne. Manhaja ce da aka ɗora wa wani aiki tsayayye, ana ba kowace furosesa wannan aikin babu ragi babu ƙari, a ƙidaya lokacin da ta ɗauka, a mayar da shi maki. Amfaninsa duka yana cikin rashin canzawar aikin. Da zarar an canza manhajar, ko an canza fitowarta, an canza mudu.

Rashin lura da wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Geekbench, wanda kamfanin Primate Labs na Kanada ke yi, ya isa misali. A fitowa ta 5 an ɗauki Core i3-8100 a matsayin ma'auni, aka ba ta maki 1,000. A fitowa ta 6, ta shekarar 2023, an ɗauki Core i7-12700 aka ba ta 2,500, an kuma sauya ayyukan da ke ciki. Mutum zai ga kwamfutarsa ta ci wani maki a Geekbench 6, ya ga ta maƙwabcinsa ta ci ƙasa da haka a Geekbench 5, ya ɗauka tasa ta fi. Bai auna komai ba. Maki ba shi da ma'ana sai an faɗi sunan gwajin da lambar fitowarsa, a kuma faɗi ko na cibiya ɗaya ne ko na duka.

Gwaje-gwajen da za ku ci karo da su

Cinebench na kamfanin Maxon ne na Jamus, masu manhajar zane ta Cinema 4D. Kyauta ne, kuma shi ne mafi daɗin kallo ga mai koyo. A fitowar R23 ta 2020, idan kun danna maɓallin farawa, allon zai yi baƙi, sai hoton wani ɗaki ya fara bayyana gutsure-gutsure cikin 'yan murabba'ai. Kowane murabba'i da kuke gani yana cikewa, layin aiki ɗaya ne na furosesar. Mai layi 4 za ku ga murabba'i huɗu suna rarrafe, mai layi 16 kuwa sai hoton ya riƙa buɗewa ta ko'ina. Kafin minti ɗaya ƙarar fanka ta tashi. An saita R23 ta riƙa maimaita hoton har minti 10, kuma da gangan aka yi haka, za mu ga dalili a gaba. Rauninsa shi ne aiki iri ɗaya tak yake aunawa, wanda yake rabuwa sumul tsakanin cibiyoyi, don haka yana fifita masu cibiyoyi da yawa fiye da yadda aikin yau da kullum zai fifita su. Akwai kuma Cinebench 2024, makinsa ba ya haɗuwa da na R23.

Geekbench gajerun ayyuka yake jerawa masu kama da na kullum: matse fayil, buɗe shafin intanet, gyaran hoto, karanta PDF. Cikin 'yan mintoci ya gama. A fitowa ta 6 cibiyoyin suna haɗuwa ne a kan aiki guda, ba kowace da nata ba, don haka furosesa mai cibiya 16 ba ta ninka mai 8 a makinsa. Gajartarsa ita ce aibinsa, yana gamawa kafin kwamfutar ta yi zafi sosai.

PassMark na wani kamfani ne a Ostareliya. Abin da ya sa yake da daraja a wajenmu shi ne jadawalinsa: yana tattara sakamakon da mutane daga ko'ina suka aiko, har na tsofaffin furosesocin da masu sharhi suka daɗe da mantawa da su, waɗanda su ne suka cika shagunanmu. Ga mai son jera i5 ta zubi na 4 da i5 ta zubi na 8 yana tsaye a shago da wayarsa, nan ne wurin dubawa. Sai dai matsakaicin makin dubban kwamfutoci ne, masu lafiya da marasa lafiya, ba makin wadda ke gabanku ba.

Akwai kuma wanda ba shagon da zai gudanar da shi, amma ya kamata ku san sunansa. SPEC ƙungiya ce da kamfanonin kwamfuta suka kafa a 1988 domin a samu ma'aunin da kowa ya yarda da shi. SPEC CPU 2017 ya ƙunshi gwaji 43 da aka ciro daga manhajoji na gaske, har da na hasashen yanayi, na matse bidiyo da na wasan dara irin ta Turawa. Sayen sa ake yi, yana cin awanni, kuma akwai dokoki masu tsauri a kan yadda za a bayyana sakamako. Masu sayen manyan kwamfutocin bankuna da jami'o'i shi suke dubawa.

Idan kuma ba ku da intanet mai ƙarfi, manhajar 7-Zip da ake buɗe matsattsun fayiloli da ita tana da gwajinta a ciki, a ƙarƙashin Tools. CPU-Z ma haka, kuma ita ko a filas za ku iya yawo da ita.

Masu wasannin kwamfuta nasu awon daban ne, suna ƙidaya hotunan da ake zanawa a daƙiƙa. Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda gwaji biyu ke iya saɓawa. A 2022 AMD ya fitar da Ryzen 7 5800X3D, wadda aka ƙara wa rumbun cikin gida da ake kira kash daga megabait 32 zuwa 96, aka kuma ɗan rage mata bugu. A Cinebench tana bayan 'yar'uwarta 5800X kaɗan. A wasanni da yawa ta wuce ta fintinkau. Duka sakamakon biyu gaskiya ne.

Lissafin maki

Lambobin da ke wannan sashe na misali ne, don koyon lissafi. A ce kwamfuta A ta ci maki 8,000, kwamfuta B ta ci 10,000, a gwaji ɗaya. A cire 8,000 daga 10,000, saura 2,000. A raba 2,000 da 8,000, a samu kashi 25 cikin 100. B ta fi A sauri da kashi 25. Aikin da A za ta yi a minti 10, B za ta gama shi a minti 8.

Yanzu a kawo kuɗi. A ce A naira 200,000 ce, B kuma naira 300,000. A kowace naira dubu, A tana ba ku maki 40, B tana ba ku 33. An ƙara rabin kuɗi, an samu kwatan sauri. Ga mai tace fim a Kano da ke jiran awa biyar kafin aiki ya fita, komawa awa huɗu riba ce da za ta biya kanta. Ga mai buga takardun makaranta, da wuya ya taɓa lura da bambancin. A ganina bambancin da bai kai kashi 10 cikin 100 ba bai cancanci a ƙara masa ko sisi ba, domin hannu ba ya jin sa, kuma wani lokaci ma kwamfuta ɗaya tana iya ba da maki biyu masu ɗan tazara a gwaji biyu a jere.

Ku lura da abin da aka rubuta a ƙarƙashin jadawali. Wasu gwaje-gwajen maki suke bayarwa, mai yawa shi ya ci. Wasu daƙiƙoƙi suke bayarwa, mai kaɗan shi ya ci. Mutane da yawa sun karanta jadawali a juye.

Akwai wani tarko a haɗa sakamako da yawa wuri ɗaya. A ce a gwajin farko A ta ninka B, wato 2. A gwaji na biyu A rabin B ta yi, wato 0.5. Idan aka tara aka raba biyu, za a samu 1.25, a ce A ta fi. To ku juya lissafin ta ɓangaren B: ita ma 0.5 da 2 gare ta, ita ma 1.25, ita ma ta fi. Ba zai yiwu kowace ta fi 'yar'uwarta ba. Hanyar da SPEC ke bi ita ce a ninka lambobin da juna, sannan a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan amsar. A nan 2 sau 0.5 ya ba da 1, amsa 1 ke nan, kunnen doki. Ba lallai ku riƙa yin wannan lissafi ba, amma idan wani ya nuna muku lamba guda ya ce ita ce matsakaicin gwaji ashirin, kuna da ikon tambayar yadda aka haɗa ta.

Gwaji da hannunku

Gani ya kori ji. Abu na farko, ku tabbatar da abin da ke cikin akwatin, domin takardar goshi kowa na iya mannawa, kuma sunan da Windows ke nunawa a shafin bayanan kwamfuta ana iya sauya shi da hannu. Ku buɗe CPU-Z, ita daga jikin furosesar take karantowa. Ku rubuta cikakken sunan har da harafin ƙarshe. Core i5-6500 wat 65 aka tsara mata, tana gudu daga 3.2 zuwa 3.6 GHz. Core i5-6500T, wadda ake samu a 'yan ƙananan akwatunan nan na HP da Dell masu girman littafi, wat 35 ce, tana gudu daga 2.5 zuwa 3.1 GHz. A shago duka biyun "i5 zubi na shida" ake ce musu.

Sannan ku rufe duk abin da ke buɗe, musamman burauza. Idan Windows tana sabunta kanta ko manhajar kashe bairos tana bincike, ku jira su gama, in ba haka ba da su za a raba ƙarfin. Ku yi gwajin sau uku, ku ɗauki makin tsakiya, ba mafi girma ba. Ku rubuta yawan RAM, da ko sanda ɗaya ce ko biyu, domin sanda biyu masu gigabait 4 sukan fi sanda ɗaya mai gigabait 8 saurin kai wa furosesa bayanai, kuma wasu gwaje-gwajen suna nuna hakan.

Yanzu ga dalilin minti goman Cinebench. Furosesar zamani ba ta da gudu ɗaya. Idan tana da sanyi takan haura bugunta na asali, idan ta yi zafi ta sauko. Yawancin na Intel idan suka doshi digiri 100 sukan rage gudu da kansu don kada su ƙone. Gwajin minti ɗaya yana kama furosesa tana sabon jini. Na minti goma shi ke nuna abin da za ta iya riƙewa.

Ku buɗe Task Manager a gefe, ku shiga shafin CPU, ku sa ido a kan lambar gudu yayin da gwajin ke tafiya. Ku buɗe HWMonitor ko HWiNFO don ganin zafi. A lafiyayyar kwamfuta lambar za ta hau, ta ɗan sauko, ta tsaya. A mara lafiya za ku ga zafin ya haura 90 cikin ƙanƙanin lokaci, fanka tana kuka, lambar gudu tana zamewa har ƙasa da abin da aka rubuta mata. Idan kun buɗe akwatin, sau da yawa za ku tarar ƙura ta yi kirtani a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya, man da ke tsakaninsa da furosesar kuma ya bushe ya zama kamar alli. A hure ƙurar, a goge tsohon man a sa sabo, a sake gwaji. Makin yakan dawo.

Wannan ya fi shafarmu fiye da masu sharhin da muke karanta sakamakonsu. Su a ɗakuna masu sanyi suke gwaji, da manyan fankoki. Mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano, Sakkwato ko Maraɗi yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta shige ko'ina. Makin da kuka gani a jadawali shi ne abin da furosesar za ta iya in an kyautata mata. Idan taku ta gaza shi da 'yar tazara, ba komai. Idan ta gaza da kwata ko fiye, akwai abin da ke damunta, kuma gara a gano shi kafin a biya kuɗi.

Cin wuta ma abin aunawa ne, ko da yake ba ya fitowa a maki. Core i9-13900K an rubuta mata wat 125, amma idan ta buɗe wuta tana kai wa 253, ita kaɗai, ban da allo da katin hoto. Wanda ke aiki da sola da inbata, ko mai cibiyar jarrabawar JAMB da zai kunna kwamfutoci da yawa a kan janareta ɗaya, zai iya samun 'yar T ɗin nan mai wat 35 ta fi masa alheri duk da ƙarancin makinta.

Wa ya yi awon?

Tun da maki na sayar da kaya, dole a samu masu son lanƙwasa shi. A 2010 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta sasanta wata ƙara da Intel, kuma cikin sharuɗɗan har da tilasta wa kamfanin ya bayyana cewa manhajarsa ta harhaɗa shirye-shirye tana iya bambanta furosesocinsa da na wasu. A 2011 AMD ya fice daga ƙungiyar BAPCo mai gwajin SYSmark, yana ƙorafin cewa gwajin ba ya nuna aikin gaskiya. A 2018 Intel ya biya wani kamfanin gwaji, Principled Technologies, ya jera Core i9-9900K da Ryzen 7 2700X a wasanni. Masu sharhi suka gano an kunna wani saiti da ya kashe rabin cibiyoyin Ryzen ɗin, takwas suka koma huɗu. Da aka sake gwajin, i9 ɗin ce dai a gaba, amma tazarar ta ragu.

Ba Intel kaɗai ba, kowane kamfani idan zai nuna jadawali a ranar fitar da kaya, gwaje-gwajen da suka fi yi masa kyau yake zaɓa. Ba sai ya yi ƙarya ba, zaɓen ya wadatar. Ku nemi sakamakon masu gwaji biyu ko uku da ba su da alaƙa da juna, waɗanda suka faɗi irin RAM, fanka da bod ɗin da suka yi amfani da su.

Abin da makin furosesa ba ya gani

Sau da yawa mutum zai kawo kwamfuta yana cewa ta yi nauyi, furosesa yake son canzawa, alhali ba ita ce mai laifi ba. Idan kwamfuta tana daɗewa kafin ta tashi, ko ana danna manhaja a jira, ku duba Task Manager. In kun ga faifan ajiya yana kan kashi 100 furosesa kuwa tana zaune a 15, tsohon faifai mai juyawa ne ke riƙe ta. A sa mata faifan SSD mara juyawa, za ta zama kamar sabuwa, makin Cinebench ɗinta kuwa ko motsi ba zai yi ba. Haka idan RAM ta cika.

Akwai kuma maganar Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma jerin furosesocin da ya amince da su a Windows 11 ya fara ne daga zubi na 8 na Intel da Ryzen 2000 na AMD, in ban da 'yan ƙalilan. Tsohuwar i7 ta zubi na 6 tana iya fin i3-8100 maki a gwajin dukan cibiyoyi, amma i3 ɗin ce ke cikin jerin.

Aikin aji

1. Ku rabu gida biyu, kowane gida ya ɗauki kwamfuta ɗaya a ɗakin karatu. Ku rubuta cikakken sunan furosesar, zubinta, yawan cibiyoyi da layukan aiki, da yawan RAM. Ku yi gwajin 7-Zip ko na CPU-Z sau uku, ku fitar da makin tsakiya, sannan ku lissafa da kashi nawa ɗaya ta fi ɗaya.

2. Wata kwamfuta ta ci maki 1,900 a Geekbench 6, wata ta ci 1,100 a Geekbench 5. Wace ce ta fi sauri? Ku bayyana amsarku.

3. Hajiya tana da shagon buga takardu da rijistar jarrabawa, wutarta ta sola ce. Ƙaninta yana tace finafinan biki, yana da janareta. An kawo musu kwamfutoci biyu a farashi ɗaya: ta farko ta fi makin cibiya ɗaya kuma ba ta cin wuta, ta biyu ta ninka ta a makin dukan cibiyoyi. Wa zai ɗauki wacce, kuma waɗanne abubuwa biyu za ku ƙara dubawa a kowace kafin su biya kuɗi?